Marayun Takardu: Matsalar Neman Masu Haƙƙin Mallakar Rubuce-Rubucen Sojojin Yaƙin Bama

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wata matsala da ke fuskantar gidajen adana kayan tarihi, wato yadda za a gano masu haƙƙin mallakar wasiƙu da littattafan tunawa na 'yan mazan jiya kafin a sanya su cikin kwamfuta don amfanin jama'a. An ɗauki sojojin Nijeriya da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama a matsayin abin nazari.

2.0 Waiwaye

A shekarar 1943 ne aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta farko ta gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, ta biyu kuwa ta yi nata ɗauki-ba-daɗin a yankin Arakan, har aka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Sunayen nan biyu, Arakan da Myohaung, an raɗa su ga barikokin soja a Legas. Hausa na cikin manyan harsunan da sojojin ke magana da su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta riƙa isa gare su a fagen fama.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Mallakar takarda daban, mallakar kalmomin da ke cikinta daban. Gidan tarihi yana iya riƙe wasiƙa shekara hamsin, amma izinin yaɗa ta yana hannun marubucinta ko magadansa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare rubutu tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. A Ingila kuwa, inda takardun yaƙin da dama suke, dokar 1988 ta kare rubutun da ba a taɓa bugawa ba, wanda mai shi ya rasu kafin 1969, har ƙarshen 2039. A 2014 aka ɓullo da lasisin marayun ayyuka a can, bisa sharaɗin a yi bincike mai zurfi tukuna.

Wani lokaci neman yakan zo da sauƙi. Isaac Fadoyebo, wanda aka raunata a Kaladan a 1944, ya rubuta tarihinsa da hannunsa, aka buga shi a 1999, ɗan jarida Barnaby Phillips kuma ya same shi da rai a Legas kafin rasuwarsa a 2012. Yana da suna, da gari, da sa hannu.

Na sojan Arewa ba haka yake ba, saboda dalilai uku. Na farko, sau da yawa akan rubuta shi da sunan yanka haɗe da sunan gari, wane Kano, wane Sakkwato, garin kuma ba lalle ne mahaifarsa ba, yana iya zama inda aka ɗauke shi aiki. Na biyu, wanda bai iya rubutu ba yakan yi shifta ne wani ya rubuta masa. To, wane ne marubucin? Na uku, gado yakan watsu tsakanin 'ya'ya da jikoki masu yawa, babu wanda ya san cewa kalmomin kakansa ma dukiya ce.

4.0 Kammalawa

A ganin wannan maƙala, binciken da ya tsaya ga rajista da intanet bai cika bincike ba. Lambar soja ita ce mabuɗi na farko. Daga nan sai a nufi ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, da dagatai da masu unguwanni, da sanarwar rediyo da Hausa, domin da ɗan gari akan ci gari. Wahalar ba ta faɗuwa ƙasa banza: duk iyalin da aka gano, an mayar wa takarda da danginta, an kuma mayar wa soja da cikakken sunansa. Jikokin sun fi kowa cancantar fara karanta abin da kakansu ya aiko daga Bama.