Akwatin feshin yashi: yadda tarihin ƙura ya gina shi

Ran 18 ga Oktoba, 1870, gwamnatin Amurka ta ba wani mutumin Filadelfiya mai suna Benjamin Chew Tilghman takardar mallakar wata dabara. Dabarar kuwa ita ce a tunkuɗa yashi da ƙarfin tururi ko iska, ya bugi gilashi ko dutse ko ƙarfe har ya ci shi. Tilghman tsohon hafsan soja ne da ya yi yaƙin basasar Amurka, kuma masanin sinadarai, don tun kafin nan ya fito da wata hanyar mayar da itace ɓawon yin takarda. Duk wanda ya ga yadda iskar hamada ke goge duwatsu ya san asalin abin. Shi dai ya kamo wannan aikin ne ya sa masa linzami.

A cikin wannan shekarar ta 1870, can a birnin Milan na Italiya, wani likita mai binciken gawarwaki, Achille Visconti, ya raɗa wa ciwon huhun da ƙurar dutse ke jawowa sunan silikosis. Wato na'urar da sunan cutar da za ta riƙa haddasawa shekararsu ɗaya. Sai dai an ɗau shekaru masu yawa kafin hukumomi su haɗa biyun wuri guda.

Da farko kasuwa ce ta buɗe. Aka riƙa yi wa gilashi zane da yashi, ana rubutu a kan duwatsun kaburbura, ana wasa magagari, ana share ƙarafan da aka zuba a maƙera. Tilghman ya kai sana'ar Ingila, kamfaninsa ya yi aiki a Sheffield, daga baya ya zauna a Broadheath kusa da Manchesta. A 1904 Thomas Pangborn ya kafa nasa kamfanin a Amurka a kan feshi da matsattsiyar iska, wadda ta fi tururi sauƙin sarrafawa, ba ta kuma jiƙa yashin. Ita ce hanyar da ake bi har yau, kwamfiresa ta tara iska, iska ta ɗauki ƙwayoyin, bakin bindiga ya harba su.

To, ina matsalar take? Yawancin yashin rafi ma'adinin silika ne. Idan ƙwayarsa ta bugi ƙarfe da gudu sai ta farfashe, ta zama ƙura wadda faɗinta bai kai maikiron 5 ba, alhali gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70. Irin wannan ƙurar ido ba ya ganinta, gashin hanci da majina ba sa tare ta. Tana wucewa har can ƙasan huhu, cikin ƙananan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye ta don su narkar da ita, su kasa, su mutu, su sake ta, wasu kuma su zo su haɗiye. A haka wurin ke zama tabo, huhu ya ƙandare. Silikar da aka fasa yanzu-yanzu ta fi tsohuwar ƙura cizo, shi ya sa mai feshi ya fi mai tafiya cikin hazo shiga haɗari nesa ba kusa ba. Tabon ba ya warkewa, yakan ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

A 1936 wani likitan duba masana'antu na Birtaniya, E. R. A. Merewether, ya fitar da lissafin da ya tayar da hankali. Cikin masu feshi 441 da ya bi sawunsu, 24 sun mutu da silikosis, ko da shi haɗe da tarin fuka, cikin shekara uku da rabi kacal. Dokar da ta hana feshi da yashin silika a Birtaniya ta fito a 1949, ta fara aiki a 1950. Wasu ƙasashen Turai sun biyo baya. A Amurka kuwa, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta NIOSH ta ba da shawara a 1974 cewa a haramta duk abin feshin da silikar cikinsa ta wuce kashi 1 cikin 100.

Kada a ɗauka labarin da ne. A Turkiyya, ƙananan masana'antu sun riƙa sa samari su fesa wa wandunan jins yashi don su yi kama da waɗanda suka sha jiki, galibi a ɗakuna marasa iska. A 2008 Metin Akgun da abokan aikinsa na Erzurum suka duba hoton ƙirjin tsofaffin ma'aikata 145, suka samu silikosis a jikin 77. Turkiyya ta hana aikin a 2009, kamfanonin Levi's da H&M kuma suka ce sun daina a 2010.

Daga wannan tarihin ne akwatin feshi ya samu kamanninsa. Maimakon mutum ya tsaya cikin ƙura, sai aka kulle ƙurar a akwati, shi ya tsaya a waje, hannuwansa cikin dogayen safar roba da aka ɗaure a jikin akwatin, idonsa a kan tagar gilashi. Ƙwayoyin da aka harba su gangara cikin mazurari a ƙasa, a sake zuƙo su. Ƙananan irin waɗannan akwatunan ne masu gyaran babura da kayan mota ke saya don cire tsatsa da tsohon fenti a gida. Masu arha kan zo da gyara da yawa, kuma gyare-gyaren da suka fi muhimmanci duk daga waɗancan darussan suka fito.

Na farko shi ne abin da za a zuba ciki. Yashin rafi ko na gini shi ya fi arha, a wurarenmu ma kusan kyauta ne, amma shi ne ainihin abin da Birtaniya ta hana tun 1950. Akwai madadinsa: ƙwayoyin gilashi masu ba ƙarfe sheƙi, garin alminiyam oksaid mai cin tsatsa da sauri, garnet, tsakin ƙarfe, har da niƙaƙƙen ɓawon goron Turawa da ake kira walnot don kaya masu laushi. Lokacin gyaran mutum-mutumin 'yanci na New York tsakanin 1984 da 1986, bakin soda aka fesa don cire tsohuwar kwalta daga cikinsa ba tare da an ci siririn jan ƙarfen ba. Amma fa canja abin feshi ba ya kashe ƙura gaba ɗaya, domin tsohon fenti kan ƙunshi gubar dalma.

Na biyu, zuƙar iska. Bindiga tana cusa iska cikin akwati, kuma dole iskar ta nemi mafita. In ba a ba ta hanya ba, za ta bi ta kowace kafa ta fito da ƙura zuwa fuskarka. Don haka ake liƙe duk mahaɗa da gam, a sa wa ƙofa roba, sannan a haɗa injin da ke zuƙo iska fiye da wadda bindiga ke shigarwa, a bar wata 'yar kafa mai shinge da sabuwar iska za ta shiga. Gwajin ba wuya: in ka kunna injin, safar hannun za su miƙe su kumbura zuwa cikin akwati. Tsakanin akwati da injin ana sa tukunyar guguwa, wato mazurarin da ke juya iska har manyan ƙwayoyi su faɗi ƙasa, sannan matata irin ta HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu faɗin maikiron 0.3. Injin shara mara irin wannan matata watsa ƙurar kawai zai yi a ɗaki.

Na uku ya shafi ingancin aikin. Matsattsiyar iska tana tara ruwa, musamman da damina, ruwan kuma ya cure ƙwayoyin su toshe bututu, saboda haka a sa matarar ruwa kafin bindiga. Bakin bindiga na tangaran yana cinyewa, kuma in ramin ya ninka faɗinsa, iskar da yake sha za ta ninka sau huɗu, sai ka ga kwamfiresa ta kasa. Bakin tangsitin kabaid ya fi daɗewa. A manna wa tagar siririyar leda mai ɗaukewa daga ciki, a ƙara fitila mai haske.

Ƙa'idar da Amurka ta sa a 2016 ita ce kada silika ta wuce maikirogiram 50 a mita ɗaya murabba'in sukari ta iska, a aikin awa 8. Wannan adadi ido ba zai gan shi ba, don haka ɗaki yana iya zama fes a ido alhali ya wuce iyaka. In ka gama feshi, bar injin zuƙa ya yi ɗan aiki kafin ka buɗe ƙofa. Ranar kwashe ƙura da canja matata ka sa takunkumin da aka yi don ƙura, mai kama fuska sosai, ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya ko hurin iska, yara kuma su yi nesa da wurin.