Kafar USB: Me Ya Sa Ake Toshe Ta?

Masu saurarenmu, kafar USB ita ce ƴar ƙofar nan da ake soka kile ko wayar caji a jikin kwamfuta. Ta fito a 1996. A tsohon samfurinta layi huɗu ne a ciki: biyu na kawo wuta, biyu na jigilar bayanai. Ke nan inda caji ya bi, nan hotuna da saƙonni ke iya fita, cutar kwamfuta kuma ta shiga. Ta kile ne cutar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta kai ga injinan nukiliyar Iran.

Shi ya sa ma'aikatu ke toshe kafar da ƴar roba mai makulli, ko su manna takardar hatimi wadda in an ɓamɓare ta sai an gane.

Mu a nan Matameye da ƙauyuka, da yawanmu wurin mai caji muke barin salula. To, a sa mata lambar sirri, a kashe ta, a cire memori kafin a miƙa. Ƴan uwa na ƙetare kuma, in za ku aiko waya, ku haɗo da igiyar caji zalla, marar layin bayanai.