Ja da Fari a Tudun Wada: Nazari kan Zaɓen Zoɓo, Kunun Aya da Ruwan Inabi Daidai Aljihu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mazauna Tudun Wada da maƙwabciyarta Nassarawa GRA a Kano ke zaɓen abin sha ja da fari, tun daga ƙullin leda har kwalbar da ake ajiye wa manyan baƙi. An lura da yadda ciniki ke gudana, aka haɗa da abin da masana abinci da malaman fiƙihu suka tabbatar. An gano cewa abu uku ke raba mai kyau da maras kyau: asalin kayan haɗi, ruwan da aka yi aiki da shi, da daɗewar abin a ajiye. Yawan kuɗi ya fi sayen mazubi da sanyi a kan inganci.

1.0 Gabatarwa

A Faransa da Italiya, idan aka ce ja ko fari, giyar inabi ake nufi, kuma wasu nau'o'inta sai sun shekara a ajiye suke yin daraja. Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, barasa kuwa dama ba ta da gurbi a tabarmar Musulmi. Duk da haka tambayar "ja ko fari?" tana nan a kowane buɗa-baki da walima da suna. Jan shi ne zoɓo, farin kunun aya, sai kwalaben ruwan inabi marasa barasa da suka shigo daga baya.

Tudun Wada wuri ne da ya dace da wannan nazari. Unguwa ce mai cunkoso, ta ma'aikata da masu sana'ar hannu, ga gidajen masu hali na GRA a kusa. Sau da yawa uwar gida guda ce ke ƙulla wa 'yan makaranta abin sha na leda da safe, da yamma kuma ta cika kula da goruna zuwa gidan biki.

2.0 Ja: zoɓo

Zoɓo ɓawon da ke rungume da 'ya'yan yakuwa ne. Ana noma shi sosai a Jigawa da Kano da Katsina, ya bi ta kasuwanni irin su Dawanau har zuwa Meziko, inda ake kiran sa jamaica. A Senegal bissap ne, a Sudan da Masar karkade, a Gana sobolo.

Tun wurin mai awo ake fara zaɓe. Mace mai sanin hannu ba ta tsayawa ga kallo. Takan damƙi zoɓon ta murza, ta shinshina, sannan ta ce, "Malam, na bana ne ko na bara?" Mai kyau yana da kauri da ja mai duhu, ya bushe ƙayau, babu warin rima, babu gari da yashi a gindin kwano. Wanda ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya daɗe ko ya sha danshi, kuma shi ne ke tilasta wa mai dafawa zuba kala.

Jan zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, irin wanda ke cikin fatar baƙin inabi. Launinsa na canzawa da ƙarfin tsami, shi ya sa da an jefa kanwa sai tsamin ya faɗi, ruwan ya yi duhu. Kanwa kaɗan na rage kashe sukari, amma in ta yi yawa sai zoɓon ya yi lami. Wani bincike na Jami'ar Tufts da ke Amurka, wanda aka buga a 2010, ya ba manya 65 kofi uku kullum na mako shida, wasu zoɓo, wasu wani abin sha mai kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kimanin maki 7. Wannan amfani ba ya wanke zoɓon da aka cika da sukari.

A matakin araha ana samun zoɓo da sukari da fulebo. A tsakiya akwai citta da kanumfari da ɓawon abarba. Na sama shi ne mai abarba ko kankana ta gaske, wani lokaci da dabino maimakon sukari. Na araha da aka dafa yau da ruwa mai tsafta ya fi na tsada da ya kwana biyu a firjin da wuta ke ɗaukewa.

3.0 Fari: kunun aya

Aya ta fi zoɓo tsada, ta kuma fi shi saurin fushi. Jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta a Nijar, kuma ayar Afirka ta Yamma har Sifen take zuwa, inda mutanen Balensiya ke yin nasu kunun mai suna horchata. Ana jiƙa busasshiyar aya, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, a niƙa da dabino da kwakwa da citta, a tace.

Kunun kirki fari ne mai ɗan ratsin ƙasa-ƙasa, yana kama jikin kofi, kuma idan ya jima sai gari ya kwanta a ƙasa, a girgiza ya haɗe. Wanda ya yi tsararo an tsawaita shi da ruwa an rufe da sukari. Babbar alama kuwa a murfi take: gorar da ta kumbura, ko ta yi "fss" da an murɗa, kunun cikinta ya fara juyawa. A zafin bazarar Kano, wanda aka niƙa da safe aka bar shi ba ƙanƙara yana iya yin tsami kafin la'asar.

Nan kimiyya ta haɗu da fiƙihu. Ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke cin sukarin kunun su fitar da iska da tsami, wani lokaci har da barasa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ba ya wuce kwana uku yana sha. Malikiyya kuma na kan cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

4.0 Kwalba

Kwalaben da 'yan sari ke ɗaukowa daga kasuwar Singa iri biyu ne, ko da yake sun yi kama. Akwai ruwan inabi da aka ɗura wa iska, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar da aka cire wa barasa, wadda dokokin ƙasashe da dama suka yarda ta riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari. Saboda haka mai saye ya juya kwalba ya karanta: jerin kayan haɗi, adadin barasa, ranar lalacewa, da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Idan ruwa da sukari da kala ne a farkon jerin, kwalbar kawai aka biya. Mai son inabi na gaske yana iya sayen ɗanye, tunda ana noma shi a Kudan kusa da Zariya, ya matse a gida.

5.0 Kammalawa

Kano ta ga illar sakaci da kayan haɗi. A 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta a asibiti, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Wannan maƙala na ba da shawara masu sana'ar su riƙa rubuta ranar da suka yi abin sha a jikin gora, su wanke tsofaffin goruna da sabulu da ruwa mai tsafta, su guji garin da ba shi da lamba. Sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Nassarawa zai iya shirya musu bita kafin azumi, lokacin da ciniki ya fi tashi. Mataki na gaba shi ne a ɗebi samfuri daga Tudun Wada da GRA a auna a ɗakin gwaji, awa bayan awa, don a san lokacin da kunun aya ke ɗauka kafin ya juya da ƙanƙara da kuma babu ita.