Baƙo Mai Jawabi a Sabo: Daga Sanƙira Zuwa Mai Takarda

Duk shekara in taron 'yan kasuwarmu ya ƙarato, gardama guda ce ke tashi a kwamiti: wa za a gayyato ya yi jawabi, kuma nawa za a ba shi? Dattawa har yanzu maganar kuɗin ba ta yi musu daɗi. Cewa suke, yaushe aka fara sayen magana a Sabo? To, bari mu waiwaya baya kaɗan.

An kafa Sabo ta Ibadan a 1916, bayan jirgin ƙasa ya iso garin a 1901, ya kuma dangana da Kano a 1911. Shanu na gangarowa kudu, goro na hawa arewa. Ciniki kuwa kusan duk na bashi ne. Mahauci Bayarabe ya ɗauki sa sai ya yanka ya sayar sannan ya biya, mai gida shi ke tsaya wa baƙonsa, dillali ya karɓi la'adarsa. A wancan zamani babu wani taron lacca. Ilmin kasuwa a zaure ake ɗaukarsa, yaro na gefe yana rarraba goro yana kasa kunne.

Amma akwai wanda ake kira musamman don ya ɗaga murya a bainar jama'a, wato sanƙira da maroƙi, ranar suna, ko ɗaurin aure, ko naɗin sarauta. Kada a ɗauka wasa ne kawai. Inda ciniki ya dogara a kan lamuni, sunan mutum shi ne jarinsa. In sanƙira ya tsaya ya ce wane ɗan wane bai taɓa kwana da kuɗin baƙo ba, fatake na ji, gobe gidansa za su sauka. Biyansa kuwa ake yi, a gaban kowa ma. Ashe ke nan sayen magana ba yau aka fara shi ba.

Daga wajen 1950 abin ya sake kama. Ɗarikar Tijjaniyya ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta kafu sosai a unguwa, a 1952 kuma Hausawan Sabo suka fara Juma'arsu a masallacinsu. Malami ya zama shi ne baƙon da ake ɗaukowa daga Kano ko Zariya. A sauke shi gidan wani attajiri, da dare ya yi wa 'yan kasuwa bayanin riba, da tauye mudu, da amana, da zakkar dukiyar ciniki. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna cikinmu a 1962 da 1963, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda masu gida suka jingina da malamai a harkokinsu. Shi malami ba a ciniki da shi, abin kunya ne. In zai koma a haɗa masa hadiyya: riga, goro, kuɗin jirgi, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Nan ne asalin abin da dattawanmu ke tunawa, kuma suna da gaskiyarsu.

Sai ga zamanin takarda. A Janairun 1973 aka canja kuɗi, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma, dole aka nemi ɗan boko ya yi bayani. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi. A 1989 aka fara ba 'yan canji lasisi, aka kuma buɗe Bankin Talakawa. Tambayoyin ɗan kasuwa suka koma na haraji da rajistar kamfani da rancen banki. Tun daga nan katin gayyata ya soma ɗaukar "baƙo mai jawabi" a ƙarƙashin uban taro da babban mai ƙaddamarwa.

Inda muka yi tuntuɓe shi ne, mun gayyato mutumin zamani da al'adar malami. Wata shekara muka ɗauko wani malamin jami'a daga nesa. Kunya ta hana mu faɗin abin da za mu bayar, shi ma bai tambaya ba. Ba mu gaya masa su wa za su saurare shi ba. Bawan Allah ya zo ya karanta shafi wajen ashirin da Turanci, 'yan goro na gyangyaɗi, 'yan kara suka zare jiki kafin la'asar. Da aka miƙa masa ambulan, daga baya muka ji ko kuɗin motarsa bai fita ba. Laifin namu ne, ba nasa ba.

Tun daga ranar sakatare ke rubuta wasiƙa tun da wata guda: ga batun da muke so, da Hausa za a yi, minti arba'in, saura na tambayoyi ne, ga masauki, ga kuɗin mota daban, ga ladan jawabi daban. In malamin addini ne, ba a rubuta masa adadi, hadiyyarsa na nan yadda aka gada. Bana 'yan canji sun ce lauya suke so, 'yan kara sun ce likitan dabbobi, kwamiti zai sake zama bayan sallar Juma'a.