Amai da Gudawa: Abin da ke Faruwa a Cikin Hanji, da Dalilin da Ruwan Gishiri da Sukari ke Ceton Rai

Idan kana noman lambu a bakin Kogin Kaduna, ta wajen Unguwar Dosa ko Malali, ka san ruwan da injinka ke ja ba ruwan sha ba ne. Magudanan unguwanni duk nan suke zubewa. Amma rana ta take, ƙishi ya kama, yaro ya ɗebi ruwan ya kurɓa, ko ka tsinki tumatir ka ci ba wanki. Ta haka kwalara da sauran cututtukan gudawa ke shiga. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu.

Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6. Cikinsa ba sumul yake ba, yana da ƴan tsiro birjik kamar gashin tawul, kowanne lulluɓe da ƙwayoyin halitta a jere. A kullum ruwa kusan lita 8 ke ratsa hanji, har da miyau da ruwan narka abinci, kuma waɗannan ƙwayoyin ne ke tsotse kusan dukkansa su mayar wa jini. Ba jan ruwan suke yi kai tsaye ba. Gishiri suke shigarwa, ruwa ya bi shi. Ka taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ka ga ruwa ya fito? To, haka abin yake.

Ƙwayar kwalara ba ta cinye hanji. Dafi take saki, wanda wani likitan Kalkata, Sambhu Nath De, ya gano a 1959. Dafin yakan sa ƙwayoyin hanji su juya aiki, su riƙa turo gishiri waje, ruwa na biye. Shi ya sa gudawar ke fitowa fara kamar ruwan wankin shinkafa, kuma mai ciwo mai tsanani na iya zubar da kusan lita ɗaya cikin awa. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokaci kafin a kwana.

Sai dai akwai wata ƙofa a jikin ƙwayoyin da dafin ba ya taɓawa. Robert Crane, masani daga Amurka, ya bayyana ta a 1960. Ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare, su shige, ruwa ya bi bayansu. Likitoci a Daka da Kalkata suka gwada abin a kan marasa lafiya. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ledar ƙarin ruwa ta ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin ƴan gudun hijira, sai ya sa dangi su riƙa ɗura wa majinyata haɗin ta baki. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Ƙullin ORS na kemis ya fi na gida, don yana da ƙarin sinadaran da jiki ke zubarwa. Duba rubutun jikinsa, yawanci ƙulli ɗaya na lita ɗaya ne, wato leda biyu ta fiya wata. In babu, zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a shafe, ba tsororo ba. A nan ake yawan kuskure. Sukari in ya yi yawa, shi ma janyo ruwa yake zuwa cikin hanji, don haka lemon kwalba ba magani ba ne, ƙara gudawar yake. Gishiri in ya yi yawa kuma haɗari ne ga yaro. A ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar.

Kar a hana abinci, kar a yanke nono. Ƙwayoyin bangon hanji suna sabunta kansu duk kwana 3 zuwa 5, da abinci suke gina sababbin. Yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Ƙwayoyin da mutane ke rugawa saye da kansu, irin su Flagyl, ba sa mayar da ruwan da ya zube. Tun 2022 an sa rigakafin cutar rota cikin na jarirai, kyauta ne, kuma ita ce kan gaba wajen jawo wa ƙananan yara gudawa mai tsanani.

In ka ga ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, mutum ya kasa sha ko ya galabaita, ko jini a bayan gida, kar ka jira. Asibitin Kawo na kusa, ku tafi ana ba shi ruwan a hanya.

Ku ƴan ƙungiya, kafin damina ku sayi kwalin ORS da zinki ku ajiye a rumfar lambu, tare da jarkar ruwan sha daban da sabulu. Ku haƙa masai nesa da kogi da rijiya. Latas da kabeji da karas, tunda ɗanye ake cin su, a wanke da ruwan famfo ko na burtsatse kafin a kai kasuwa, ba da ruwan ban ruwa ba.