Albarkacin Ibrahim: Karatun Farawa 12 Daga Ƙasar Ringim

A ƙasar Ringim sunan Ibrahim ba baƙo ba ne a kowane gida. Musulmi na ambatonsa a zaman tahiya na kowace salla, yana tuna shi da ragon layya duk Babbar Salla. Kirista kuma, ko Bahaushe ne ɗan ƙasa ko jikan waɗanda jirgin ƙasa ya kawo tun da aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru wajen 1930, yana kiransa uban masu bangaskiya. Wannan maƙala ta tsaya ne kan karatun Kirista na ayoyi uku na farkon sura ta 12 a Littafin Farawa. Abin da nake son kafawa shi ne: a cikin wannan kira, ma'aunin albarkar da aka yi wa Ibrahim yana hannun maƙwabcinsa, kuma harshen Hausa na da kalmar da ta kama wannan ma'ana fiye da yadda wa'azinmu ya saba kama ta.

Labarin sananne ne. Ibrahim, wanda ake kira Abram kafin a sauya masa suna, yana zaune a Haran bayan iyalin mahaifinsa Tera sun baro Ur. Yana da shekara 75, matarsa ba ta haihu ba. Allah ya umarce shi ya bar ƙasarsa da danginsa da gidan ubansa, ya nufi wata ƙasa da ba a faɗa masa sunanta ba tukuna. Aka yi masa alkawarin zuriya da suna da kariya, sannan aka rufe da cewa dukan kabilan duniya za su sami rabo ta wurinsa. Sau biyar saiwar kalmar albarka ta fito a ayoyi biyu kacal. Saiwar nan ta Ibrananci, baƙaƙe uku b-r-k, ita ce ta Larabci da ta ba mu kalmarmu ta albarka, don haka Bahaushe na karanta wurin nan kusa da asalinsa.

Masana Ibrananci sun daɗe suna jayayya kan fi'ilin ƙarshe na aya ta uku. Wasu sun ce ma'anarsa kabilai za a sa musu albarka ta hanyar Ibrahim. Wasu sun ce kabilan ne za su riƙa yi wa juna addu'a da sunansa, kamar a ce wa yaro Allah ya mai da kai kamar wane. Tsohuwar fassarar Girkanci ta bi ma'ana ta farko, Manzo Bulus ma ita ya ɗauka a sura ta 3 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, inda ya ga cikar alkawarin a cikin Yesu Almasihu da shigowar al'ummai. Ni ina ganin Hausa ta raba gardamar da kalma ɗaya: albarkaci. Muna cewa albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ba don ƙadangare aka ajiye kaskon ba, bai kuma zama kaza ba, amma ya sha ya ƙoshi. Wanda ya ci albarkacin wani ya sami alheri na gaske, kuma bakinsa ba ya rabuwa da sunan wanda ya ci albarkacinsa. Ma'anonin biyu sun haɗu ke nan. Mutum ba ya cin albarkacin kansa. Kalmar ba ta tsayuwa sai da wani na biyu.

Idan aka bi rayuwar Ibrahim da wannan ma'auni, marubucin Farawa bai ɓoye komai ba. A cikin surar da aka yi kiran, yunwa ta kora shi Masar, tsoro ya sa ya ce matarsa 'yar'uwarsa ce, ya fito da dabbobi da bayi, gidan Fir'auna kuwa ya kwashi annoba. Ibrahim ya yi arziki, maƙwabci ya cutu. Wannan shi ne karo na farko da ya zauna cikin wata al'umma bayan kiran, kuma ya faɗi jarrabawar. Daga baya ne muke ganin wani mutum daban: ya bar wa Lutu, ɗan ɗan'uwansa, zaɓin makiyaya duk da shi ne babba, ya tafi yaƙi ya ƙwato mutanen Saduma da kayansu, ya ƙi karɓar ko zare ɗaya, ya tsaya yana roƙon Allah saboda wannan birni da ba nasa ba, yana rage adadin salihan da za su cece shi daga hamsin har zuwa goma. Da Sarki Abimelek kuma, kan rigimar rijiya, sulhu ya yi a Biyer-sheba. Duk wanda ya san abin da rijiya da burtali ke haddasawa tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar Garki ko Ɓaɓura ba ya buƙatar sharhi a nan.

Matsalar ita ce rabin kiran, wato fita, ya fi ɗaya rabin, wato zama albarka ga wasu, shiga zuciyar Kiristan Hausa, kuma da dalili. Tarihinsa cike yake da fita. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wani malami, shi ma sunansa Ibrahim, ya tara almajirai kan girmama Annabi Isa. Aka kashe shi a Kano, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu, wasu suka nufi wajen Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske ɗan mishan Likita Walter Mila a Zariya, aka kafa musu ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga baya Wusasa ta zama matattara. Bamagujen da ya karɓi bishara shi ma ya bar tsafin gidan ubansa, wani lokaci har da gonar gado. Kuma ba a manta da Satumbar 2006 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Dutse. Wanda ya gāji wannan tarihi, in ya ji umarnin barin ƙasa da dangi, jikinsa ne ke amsawa. Ban raina wannan ciwo ba ko kaɗan. Sai dai idan aka tsaya a nan, fita takan zama katanga: ikkilisiya ta koma unguwar baƙi, Bahaushen Kirista ya daina zuwa suna da jana'izar 'yan'uwansa, kowa ya kama gabansa. A nassin kuwa, an fitar da Ibrahim daga dangi ɗaya ne domin dukan dangogi.

Akwai kuma wani karatu da ya yi ƙarfi a zamaninmu, wanda ke mai da albarkar Ibrahim gadon dukiya: ka ba da baiko, ka karɓi rabonka na shanu da azurfa. Gaskiya ne Farawa ta ce Ibrahim ya wadata. Amma wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 11, ta tuna mana cewa a alfarwa ya ƙare rayuwarsa, baƙo a ƙasar da aka yi masa alkawari. Wa'azin da ya ƙidaya garkensa ya manta Saduma da rijiyar Biyer-sheba ya mai da mu Masar, wurin da Ibrahim ya samu, wasu suka yi kuka.

Shin an taɓa ganin ɗaya rabin a ƙasarmu? An gani, tare da tabonsa. A 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da masu cutar kuturta a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, a wurare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Kano, wanda ikkilisiyar ECWA ke riƙe da shi har yau, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga da jagora suka fito suna gani Musulmi ne, suka koma gida suna Musulmi. Wannan albarkaci ne tsantsa. Amma dole a faɗi ɗaya gefen: wannan aiki ya gudana ne a inuwar mulkin mallaka, kuma sarakuna da iyaye sun yi ƙorafi cewa magani da makaranta na zuwa da wa'azi a ƙugunsu, musamman ga yara da marasa galihu. Ƙorafin na da tushe. Ruwan kasko in aka gindaya masa sharaɗi ya zama tarko. Kirista ba zai ɓoye bangaskiyarsa ba, yana da 'yancin ya faɗe ta a sarari, amma bai kamata mai jinya ya ji cewa da ita zai biya kuɗin magani ba. Ibrahim bai tambayi mutanen Saduma abin da suke bauta wa ba kafin ya ɗauki makami dominsu.

Wani zai ce ikkilisiyoyin masarautar Ringim ƙanana ne, ba su da asibiti ba su da jari, da me za su zama albarka? Ibrahim ɗin da aka yi wa alkawarin nan tsoho ne marar ɗa, marar ko taki ɗaya na ƙasa. Abin da ke hannun ƙaramar ikkilisiya a Ringim ko Taura abu ne na yau da kullum. Idan kogin Haɗeja ya cika ya shanye gonaki, kamar yadda ya yi a daminar 2022, ruwa ba ya tantance gidan liman da na fasto. Tiyar hatsin da zumuntar mata ta tara za ta iya tsallake katanga. Malamin makaranta Kirista da ke koyar da 'ya'yan Musulmi da zuciya ɗaya, da ma'aikaciyar jinya da ke kwana kan mai naƙuda, da ɗan kasuwar da mudunsa cikakke ne, su ne tafsirin aya ta uku da maƙwabci zai iya karantawa. Kuma albarkaci na gudana ta ɓangare biyu. Kiristoci da yawa a Arewa na iya ba da labarin maƙwabci Musulmi da ya ɓoye su ranar tashin hankali. Ibrahim ma ya karɓi gurasa da addu'a daga hannun firist Malkisadik, wanda ba danginsa ba ne.

Ƙasar da Ibrahim ya mallaka a ƙarshe kabari ce. Da matarsa Saratu ta rasu, ya je gaban Hittiyawa a ƙofar gari, ya kira kansa baƙo, ya rusuna musu, su kuma suka girmama shi da laƙabin shugaba. Suka yi masa tayin kyauta, ya ƙi, ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela a gaban shaidu. Da shi kansa ya rasu yana da shekara 175, sura ta 25 ta ce 'ya'yansa biyu, Ishaku da Isma'ilu, su suka haɗu suka binne shi a wannan kogo.