Idan Aka Ɗauke Wuta, Wa Ke Fara Sani?

 Kwanan baya muna zaune a ƙofar shagona aka ɗauke wuta, sai wani tela ya ce da ni: "Malam, wai su masu wutar nan sun ma san an ɗauke mana kuwa?" Aka yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai, domin amsarta tana da tarihi.

Wutar lantarki ta fara shigowa ƙasar nan a Legas a 1896. A wancan zamani kowane garin da ke da wuta da injinsa, mai kula da injin kuma yana tsaye a kansa, in ya tsaya shi ne zai fara sani. A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, a 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, aka kammala madatsar Kainji a 1968. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Daga nan sai wutar da aka samar a Kainji ta riƙa bin manyan wayoyi masu ƙarfin kilobolt 330 zuwa garuruwa masu nisa. To, wanda ke Kainji ba ya ganin abin da ke faruwa a Badun ko Legas. Dole a samu wuri ɗaya da zai sa ido a kan kowa, shi ya sa aka yi babbar cibiyar sarrafa wuta ta ƙasa a Oshogbo.

Aikin cibiyar kamar na mai riƙe da sikeli ne. Wutar da ake samarwa da wadda ake sha dole su yi daidai a kowane lokaci, ma'aunin ya tsaya kusa da bugu 50 a daƙiƙa. In ya karkace da yawa, injina su kashe kansu don kada su lalace, wannan ya ja wancan. Abin da muke ji a rediyo ke nan, wai babban layin wuta na ƙasa ya faɗi. Na'urar da ke taimaka wa irin wannan cibiya ana kiranta Sikada: tana karanto halin tashoshi daga nesa, tana buga ƙararrawa in layi ya katse, kuma da ita ake iya buɗewa ko rufe makunni ba tare da an je wurin ba.

Sai dai ita Sikada manyan layuka da tashoshi take gani. In fis ya ƙone a taransifomar unguwa, ko iska ta kayar da falwaya a bayan masallaci, sau da yawa ba ta da labari. Wannan sai mutane sun kai ƙara. A da sai a tashi yaro ko mai unguwa ya taka zuwa ofishi, a rubuta a babban littafi. Daga baya kamfanonin wuta a duniya suka mayar da littafin nan manhajar kwamfuta mai kula da ɗaukewar wuta. A cikinta akwai taswira: gida kaza yana kan taransifoma kaza, ita kuma tana kan layi kaza. In gida goma da ke kan taransifoma ɗaya suka kira, sai ta gane ciwon na taransifomar ne, a tura mota ɗaya maimakon goma.

Kun ga ke nan kamfani yana da ido, yana da kunne, amma shekaru da yawa kowanne ɗakinsa daban. Haɗa su shi ne aikin da ake ta fama da shi. In an haɗa, da zarar makunni ya buɗe a tasha, manhajar ƙorafi ta san gidajen da abin ya shafa kafin kowa ya kira. Mai zaune a ɗakin sarrafawa kuma yana ganin inda ma'aikata ke kan falwaya, ba zai maido da wuta a kan ɗan mutane ba. Nan magana ce ta rai.

Amurka ta koyi darasin amincewa da allo kaɗai a ranar 14 ga Agusta, 2003. A jihar Ohayo, bayan ƙarfe biyu na rana, ƙararrawar kwamfutar kamfanin FirstEnergy ta daina aiki, masu kula ba su lura ba har fiye da awa guda. Manyan wayoyi suka yi zafi, suka saki, suka taɓa itatuwa, suna katsewa ɗaya bayan ɗaya. Ana buga musu waya ana faɗa, su kuma allonsu shiru. Jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, mutane wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta, har da biranen New York da Toronto.

A nan gida, dokar 2005 ta mayar da NEPA zuwa PHCN, a Nuwamba 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, manyan layuka suka zauna hannun TCN ta gwamnati. Wato yanzu idon yana wani gida, kunnen yana wani, haɗin ya ƙara wuya. Ga shi tun Afrilu 2024 an ƙara wa 'yan rukunin A kuɗi bisa alkawarin awa 20 a rana. In babu rubutu sahihi na lokacin ɗaukewa da dawowa, da me mai firjin kifi ko mai injin niƙa zai kafa hujja?

Shawarata ga 'yan'uwa: kowa ya san lambar mitarsa, sunan taransifomarsa da layin da take kai. In an ɗauke, a kira a faɗa, kada kowa ya ce ai maƙwabci ya kira. Kwamitin unguwa kuma ya ajiye littafi yana rubuta awanni, kamar yadda muke rubuta bashi a shago. Allah ya sa mu dace.